Waiwaye: Akwatunan faifan The Beatles da gardamar da ta ƙi ƙarewa

A ranar 28 ga Oktoban 2022 aka fitar da babban akwatin Revolver, kundin waƙoƙin da ƙungiyar The Beatles ta birnin Liverpool ta saki tun watan Agustan 1966. Faifan CD biyar ne a ciki, ɗauke da waƙoƙi 63, ga littafi mai shafi 100 na hotuna da bayanai. Ba a yi mako ba kan masoya ya rabu. Wasu suka ce yau suka fara jin gangar Ringo Starr yadda ya kamata. Wasu suka ce an taɓa abin da ba a taɓawa. Wasu kuma sautin bai dame su ba, kuɗin da suka biya suke aunawa da abin da aka ba su. Wannan gardama ta girmi akwatin da shekaru masu yawa, kuma tushenta yana cikin sutudiyon Abbey Road da ke Landan.

A shekarun 1960 yawancin matasan Birtaniya da garmaho mai lasifika ɗaya suke sauraron waƙa, rediyo ma haka. Don haka idan an gama ɗaukar waƙa, haɗin sautin da ake zubawa a lasifika ɗaya, wato mono, shi ne aikin gaske. A kansa John Lennon da Paul McCartney da George Harrison da Ringo suke zama tare da furodusansu George Martin, suna cewa a ɗaga nan, a rage can. Haɗin sitiriyo, mai raba sauti hagu da dama, ana barin ma'aikatan sutudiyo su yi shi daga baya. Injiniyan sauti Geoff Emerick ya ba da labarin cewa mono na kundin Sgt. Pepper ya ci kusan mako uku, sitiriyonsa kuwa 'yan kwanaki kawai. Bambancin har ya wuce na kunne mai tsini: waƙar She's Leaving Home ta fi sauri a mono, a sitiriyo ta ja jiki, muryar ma ta yi ƙasa.

Sai duniya ta juya, sitiriyo ya ci kasuwa, mono ya ɓace daga kantuna. Miliyoyin mutane suka taso da haɗin da mawaƙan ba su zauna a kansa ba, suka haddace shi, ya zama shi ne asali a kunnensu. A nan gizo ke saƙar. Idan masoyi ya ce a bar masa waƙa yadda take tun asali, sai an tambaye shi wane asalin yake nufi.

An fara jin ɗumin gardamar a 1987, lokacin da aka mayar da kundayen kan CD. Huɗu na farko a mono aka fitar da su, waɗanda suka saba da sitiriyo suka yi ƙorafi. George Martin da kansa ya sake haɗa sautin kundayen Help! da Rubber Soul, saboda tsohon haɗin bai gamsar da shi ba; na Rubber Soul ma yana tura murya gefe guda kayan kiɗa gefe guda. Ke nan mutumin da ya yi aikin farko shi ya fara sa hannu a ciki. A ranar 9 ga Satumban 2009 aka sake fitar da komai bayan an goge sautin ba tare da an canza haɗin ba, a akwati biyu, ɗaya na sitiriyo ɗaya na mono. Na monon ya yi saurin ƙarewa a kasuwa har sai da aka ƙara bugawa.

Akwai wata igiyar da ke jan wannan batu, ita ce ta abin da ke ɓoye a rumbun ajiya. Tun daga shekarun 1970 ake sayar da faifan sata na gwaje-gwajen sutudiyo da waƙoƙin da ba a saki ba, kuma masu tara su sun san abin da ke cikin tef-tef ɗin kamar yadda manomi ya san gonarsa. Kundayen Anthology uku na 1995 da 1996 sun fito da wani kaso a hukumance. A Disamban 2013 kuma aka saki waƙoƙi 59 na 1963 a iTunes ba tare da wani biki ba, domin dokar Tarayyar Turai tana ba abin da aka fitar kariyar haƙƙin mallaka ta shekara 70, wanda aka bari a ɓoye kuwa kariyarsa na faɗuwa bayan shekara 50. Daga nan masu tara faifai suka gane cewa ba ƙauna kaɗai ke buɗe rumbun ba, lissafin lauyoyi ma yana buɗe shi. Wannan zargin bai bar zukatansu ba har yau.

George Martin ya rasu a Maris 2016. Ɗansa Giles Martin, tare da injiniya Sam Okell, shi ya ɗauki aikin da ya buɗe wannan zamani na manyan akwatuna. A ranar 26 ga Mayun 2017, cikar Sgt. Pepper shekara 50, suka fitar da sabon haɗin sitiriyo wanda ya bi sawun mono. Na'urar 1967 layi huɗu kawai take ɗauka, in ta cika sai a tattara layukan a kwafe su kan wani tef don a sami wurin ƙari. Sa'ar da aka yi ita ce an adana tef-tef ɗin farko, don haka Giles ya koma musu ya ciro kowane sauti da tsabtarsa. Kundin ya koma na ɗaya a jadawalin Birtaniya. Masu yabo suka ce an cire labule daga fuskar waƙoƙin. Masu suka suka ce ganga da bes sun yi ƙarfi fiye da kima, an matse sautin don ya yi amo irin na waƙoƙin zamani.

Ni ina ganin kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, amma ba daidai wa daida ba. Duk wanda ya taso da kaset ɗin Shata a gidansu ya san cewa har ƙarar tef ɗin tana shiga cikin abin da zuciya ke riƙewa. In aka goge ta sai ka ji kamar an yi wa ɗakin mahaifinka sabon fenti ba da saninka ba. Wannan jin ba abin rainawa ba ne. Sai dai ba hujja ba ce ta hana yaron da ke saurare da abin kunne a wayarsa ya ji waƙar a haɗe, maimakon murya a kunne ɗaya ganga a ɗaya kunnen, abin da mawaƙan ba su taɓa nufa ba.

Akwatunan suka biyo juna. Na kundin 1968 mai farin bango, wanda aka fi sani da White Album, ya fito a Nuwamban 2018 da waƙoƙi 107, cikinsu har da gwaji 27 da aka ɗauka a gidan Harrison da ke Esher, kuma da wuya ka sami masoyin da ya yi kuka da shi. Na kundin Abbey Road a Satumban 2019 ya mayar da kundin matsayi na ɗaya bayan fiye da shekara 49. Da na Let It Be a Oktoban 2021 murna ta fara raguwa: daga tarin sa'o'in da aka ɗauka a Janairun 1969 kaɗan aka tsakuro, an ware faifai guda ga waƙoƙi huɗu kacal, kuma ba a sa cikakken wasan da suka yi a kan rufin ofishin kamfaninsu na Apple Corps ba.

Sake haɗa sautin Revolver ya daɗe yana gagara, domin a waƙoƙi irin su Taxman jita da bes da ganga duk a layi ɗaya aka ɗauke su, babu wani tef na baya da za a koma masa. Mafita ta zo daga New Zealand. Ma'aikatan darakta Peter Jackson sun ƙera wata manhaja mai koyon bambance sautuka yayin aikin shirin Get Back na 2021, suka raɗa mata suna MAL don tunawa da Mal Evans, hadimin ƙungiyar. Ita ta tsefe kayan kiɗan Revolver ɗaya bayan ɗaya. Wasu masoya suka tsorata da jin an sa kwamfuta a ciki, ko da yake manhajar ba ta ƙirƙiri sauti ko ɗaya ba, raba wanda ke nan kawai ta yi. Abin da ya fi sosa ran jama'a a akwatin ma ba fasaha ba ne, wani ɗan gajeren gwaji ne na Yellow Submarine, inda aka ji Lennon shi kaɗai da jita yana rera ta cikin baƙin ciki, waƙar da duniya ta sani ta raha ce a bakin Ringo. Irin wannan ne ke sa mutum ya yafe tsadar akwati. Abin da ba a yafe ba shi ne rashin faifan Blu-ray. Akwatunan baya tun daga na Sgt. Pepper duk suna da shi, a wannan karon kuwa aka bar sautin Dolby Atmos, mai kewaye mai saurare ta ko'ina, a manhajojin saurare na intanet kawai. Wanda ya biya kuɗi mai yawa don ya mallaki abu a hannunsa sai aka ce ya je ya yi haya. A nan ina tare da masu ƙorafi ɗari bisa ɗari, domin abin da ke intanet kamfani na iya sauya shi ko ya janye shi a dare ɗaya, faifan da ke kan kanta kuwa naka ne.

Bayan Revolver kowa ya zuba ido ga Rubber Soul na 1965. Maimakonsa, a Nuwamban 2023 aka saki waƙar Now and Then, wadda MAL ta ciro mata muryar Lennon daga tsohon kaset, har ta ci kyautar Grammy a 2025. A Nuwamban 2025 kuma aka sake fitar da Anthology da ƙarin kundi na huɗu mai waƙoƙi 36, waɗanda 13 ne kawai ba a taɓa fitarwa ba. Da farko an ce sai ka sayi akwatin gaba ɗaya za ka same shi. Waɗanda suka riga suka mallaki ukun farko tun shekara 30 da suka wuce suka yi ca, kamfanin ya ja da baya ya fitar da shi shi kaɗai.

A cikinsa ma babu Carnival of Light, gwajin sauti na kusan minti 14 da suka ɗauka a Janairun 1967. McCartney ya so a sa shi a Anthology tun 1996, aka ƙi amincewa, kuma tef ɗin yana nan a ajiye.