Me ake nufi da "dalalatul auram"?

Duk watan Oktoba, idan aka shiga gangamin wayar da kai kan sankarar mama, kalmar Larabci "dalalatul auram", wato alamomin ƙari da ake aunawa a jini, takan cika tallan ɗakunan gwajin jini a Jidda da Makka, har ta shiga bakin matanmu. Abin da ke damuna shi ne yadda ake fassara ta da "gwajin kansa", wato gwajin sankara, kamar da an ɗebi jini magana ta ƙare.

"Auram" jam'in "waram" ne, wato ƙari ko kumburi. "Dalala" kuwa tushenta ɗaya da kalmomi biyu da Bahaushe ya daɗe da ara daga Larabci, dalili da dillali. Dillali yakan kai mutum ƙofar gida ya ce a duba nan, wani lokaci ya yabi gidan da ke yoyo, wani lokaci ya wuce gida mai kyau bai lura ba, shi ya sa mai hankali ba ya biya sai ya shiga ya gani da idonsa. Aikin waɗannan alamomi na jini bai wuce haka ba.

Wadda aka fi aunawa a kan sankarar mama ita ce CA 15-3, ɓangaren wani furotin mai suna MUC1 da ke zuba cikin jini, kuma galibi ana ɗaukar ƙasa da 30 a matsayin daidai. Sai dai ciwon hanta da juna biyu kan ɗaga ta ba tare da wata kansa ba, yayin da mafi yawan matan da cutarsu ke matakin farko sakamakonsu kan fito daidai. Amfaninta na haƙiƙa yana ga wadda cutar ta riga ta yaɗu a jikinta, domin likita ya ga ko magani yana ci. Gwajin ƙwayoyin halitta na BRCA1 da BRCA2 kuwa haɗarin gadon cutar yake nunawa.

Wata gwaggona a Jidda ta ji kullutu a mamanta, ta biya aka auna CA 15-3 a jininta, ya fito 18, ta ninke takardar ta saka a jaka tana hamdala. Da ƙyar 'yarta ta kai ta hoton mama na mamogiram bayan watanni, daga nan aka ciro ɗan nama da allura aka duba. Wannan naman ne ya tabbatar da cutar, shi ne kuma ya nuna irin maganin da za a ɗora ta a kai.