Bayan "Allah ya ba da haƙuri", sai me?

Duk gidan da na shiga a unguwar Birni ko Zango ta Damagaram inda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da wani, kalma ɗaya nake tararwa: haƙuri. Masu dubiya su faɗa, iyali su faɗa, mara lafiyan ma ya maimaita. Ni ma da wannan kalma na tashi, kuma na yarda da ita. Abin da ke damuna shi ne yadda take rufe zance, a shimfiɗa wa mutum tabarma a ƙuryar ɗaki, shi ke nan.

Aikinmu, mu ma'aikatan lafiya, shi ne mayar da mutum ga abin da ya saba yi da hannunsa bayan ciwo ko hatsarin kabu-kabu. Shi ya sa tambayarmu ta farko ba ta tsaya ga inda ke ciwo ba.

Wani dattijo baduku da hawan jini ya kayar, na durƙusa na gaishe shi, na ce: "Baba, me kuka fi kewa?" Ya daɗe bai tanka ba. Can ya ce: "Ɗiyata, alwala. Jikana ke zuba mini ruwa kamar jinjiri." Ga inda ciwon yake. Ban ce masa zai warke sarai ba, don ba a hannuna yake ba, kuma alkawarin ƙarya na karya zuciya fiye da cutar. Na ce mu fara da buta. Muka samo ƙarama mara nauyi, da kujera 'yar tsugune mai jingina. Cokalinsa muka naɗe wa mariƙi da tsumma har ya yi kauri yadda yatsu za su kama. Riga kuwa, hannun da ya shanye ake fara zurawa, sannan mai lafiyar.

Iyali, ku ji wannan. Tausayi ne ke sa ku yi masa komai, amma hannun da aka hana aiki ƙara sandarewa yake yi. Ku bar shi ya gwada ko da zai ɓarar da fura. Kada ku ja shi ta hannun da ya shanye in za ku tayar da shi, kafaɗar na iya gocewa. Kuma ku daina cewa "ai ya zama sai yadda aka yi da shi" a gabansa. Kunnensa bai shanye ba.

Kusan mutum 1 cikin 3 da suka yi wannan ciwo na faɗawa cikin baƙin ciki mai tsanani. In ya daina ci, ya daina hira, ba rashin tawakkali ba ne, ciwo ne da ake magani. Ku faɗa wa likita.

Watanni 3 zuwa 6 na farko su ne jiki ya fi karɓar motsa gaɓoɓi, don haka kada a ɓata su ana jira a gida. Daga Mirriya kuke ko Magarya, ku fara da asibitin kusa, a tura ku babban asibitin Damagaram.

Shi kuwa Baba, yanzu da kansa yake alwala. Satin da ya wuce ya sa jikan ya ɗauko masa fata da wuƙarsa, yaron na danne gefe, shi yana yanka.