Ciwon fuska mai kama da shokin lantarki: a dakata da cire haƙori

Idan hunturu ya kama a Gombe, akwai dattawan da za ka gani sun naɗe fuska ruf da rawani ko mayafi, kuma ba sanyi kaɗai suke gudu ba. Iska na taɓa musu kunci sai wani zafi ya tsarga, kamar an jona musu wayar lantarki. Daƙiƙoƙi ne, in ya daɗe minti 2, ya sake su, anjima ya dawo. Ɓari ɗaya na fuska yake kamawa. Asuwaki na tayar da shi, tauna da magana ma haka. Na ga dattijuwar da in ta zo wanke fuska a alwala sai ta tsaya da ruwa a tafin hannu, hannun na rawa, tana tsoron kai shi kumatu. Duk ta rame, don ko tuwo mai laushi ta daina yarda da shi.

Kusan kullum haƙori ake fara ɗora wa laifi. A sa kanumfari, a sayo maganin zafi a kemis, a cire haƙori ɗaya, a ƙara na biyu, ciwo na nan daram. Daga nan sai a ce sammu ne ko shafar iska. Wannan na ci mini rai ƙwarai, domin ciwon sananne ne a asibiti, kuma yana da magani.

Jijiyoyin laka 12 ne ke fitowa daga ƙwaƙwalwa ta kowane ɓari. Ta 5 ce ke kai saƙon taɓi da zafi daga fuska, tana da rassa uku: na goshi, na kunci da na muƙamuƙin ƙasa. A wajen mafi yawan masu ciwon, wata jijiyar jini ce ke kwanciya a kanta daidai inda ta fito daga tushen ƙwaƙwalwa. Duk bugun zuciya sai ta doke ta, yau da gobe har rigar da ke lulluɓe da ita ta zaizaye, taɓi kaɗan ya koma azaba. Ciwon ya fi kama waɗanda suka haura shekara 50, kuma mata sun fi maza.

Ba da wuƙa ake farawa ba. Likita kan fara da kabamazafin, wanda aka fi sani da Tegretol. Maganin farfaɗiya ne, amma kada sunan ya firgita kowa, aikinsa kwantar da jijiya. Yana sa jiri da barci, shi ya sa ake farawa da kaɗan ana ƙarawa. Wanda ya ga ƙuraje a jiki ko gyambo a baki bayan ya fara sha, ya koma asibiti a ranar. Farasitamol da tiramol kuwa ɓarnar kuɗi ce a wannan ciwo.

In magani ya gaza, ko jiki ya ƙi ɗaukarsa, sai a yi maganar tiyata, bayan hoton MRI ya duba ko ƙari ne ko wata cutar ke danne jijiyar. Ana sa wa mutum maganin barci, a buɗe ƙaramar kafa a ƙashin bayan kunne, likita ya duba da madubin ƙara girma, ya ɗaga jijiyar jinin a hankali, ya cusa ɗan gutsuren Teflon, wani abu mai laushi dangin roba, tsakaninta da jijiyar fuskar. Ba a yanke jijiyar fuskar. Likitan Amurka Peter Jannetta ne ya yaɗa wannan aiki tun daga wajen 1967, kuma binciken da aka buga a 1996 kan mutum 1,185 ya nuna kashi 70 cikin 100 suna nan ba ciwo ba shan magani bayan shekara 10. Da yawa suna farkawa ne su ji zafin ya tafi.

Amma aiki ne a cikin kai, 'yan uwa. Akan samu raguwar ji a kunnen ɓarin, ko dindiris a fuska, ko yoyon ruwan ƙwaƙwalwa, jefi-jefi har da shanyewar ɓarin jiki. Ku zauna da likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ku yi masa tambaya har ku gamsu.

Irin wannan aikin ake yi wa wanda ɓarin fuskarsa ke fizga. Ido ke fara rawa, a ce baƙo za a gani, sai wata da watanni rawar ta sauko kunci da gefen baki. A nan jijiya ta 7 ce aka danne. Amma bakin da ya karkace farat ɗaya, ga hannu ya mutu, magana ta harɗe, wannan na gaggawa ne, ba a kwana da shi a gida.

Mai ciwon fuska ko fizgar fuska irin waɗannan ya fara da asibiti mafi kusa, ya nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, ko na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi. A gaya wa likita ɓarin da ke ciwo, abin da ke tayar da shi da tsawon lokacin da yake ɗauka, a kuma riƙo kwalayen duk maganin da aka sha.