Gwamna Mai Ƙafar Katako: Tambayoyi da Amsoshi Kan Peter Stuyvesant

Wane ne shi, daga ina ya fito?

Ɗan limamin coci ne daga lardin Friesland a arewacin Holan, an haife shi wajen 1610. Ya shiga jami'ar Franeker bai kammala ba, sai ya kama aiki da Kamfanin Indiya ta Yamma. Kamfani ne na 'yan kasuwa, amma yana da sojoji da jiragen yaƙi nasa na kansa. Kamfanin ne ya ƙwace Elmina, a gaɓar Ghana ta yau, daga hannun Fotugal a 1637. Aiki ya kai Stuyvesant Burazil, daga can ya wuce tsibirin Curaçao, inda ya zama shugaba a 1642.

Yaya aka yi ya rasa ƙafa?

A 1644 ya kai hari tsibirin Saint Martin da ke hannun Sifaniyawa. Harsashin igwa ya farfasa masa ƙafar dama, aka yanke ta, harin kuma ya watse. Ya koma gida jinya, ya auri Judith Bayard a 1645, ya ci gaba da dogara ƙafar katako har ƙarshen rayuwarsa.

Me ya tarar a Sabuwar Amsterdam?

Kamfani ya naɗa shi gwamnan yankin da Sabuwar Amsterdam take, wato garin Holan da daga baya ya zama New York. Ya sauka a tsibirin Manhattan, inda garin yake, ranar 11 ga Mayu, 1647, ya tarar da gari a lalace. Yaƙin da magabacinsa Willem Kieft ya tsokano da 'yan asalin ƙasar ya cinye gonaki da rayuka. Aladu na yawo suna tonon ganuwar ƙasa ta sansanin soja, mashaya kuwa kamar jamfa a Jos. Bai ɓata lokaci ba: ya sa a rufe mashaya da ƙarfe tara na dare, ya sa tara kan mai zare wuƙa a faɗa, ya naɗa masu duba mazirarar hayaƙi ta katako saboda gobara. A 1653 aka gina katanga a arewacin garin don tsoron Turawan Ingila. Inda ta bi, nan ne titin Wall Street na yau.

Ya sake fita yaƙi?

Ƙwarai. A 1655 ya tafi da jirage bakwai kogin Delaware, ya karɓe yankin da 'yan Suwidin suka kafa. Sai dai kafin ya juyo, 'yan asalin ƙasar sun afka wa ƙauyukan da ke kewaye da Manhattan.

To me ya sa mutanensa ba su so shi ba?

Mutum ne mai kafiya, ba ya son a ja da shi, musamman a kan addini. Da Yahudawa 23 suka iso daga Recife ta Burazil a 1654, ya nemi a kore su, shugabannin kamfani a Amsterdam suka ce a'a. Ya takura wa Kiristoci mabiya ɗarikar Quaker har mutanen Flushing, wani ƙauye kusa da garin, suka rubuta masa takardar koke a 1657. Akwai kuma abin da masu yabonsa kan tsallake: a zamaninsa cinikin bayi daga Afirka ya bunƙasa a garin, shi kansa bayi ne ke nome masa gona.

Yaya garin ya koma New York?

A 1664 jiragen yaƙin Ingila huɗu ƙarƙashin Richard Nicolls suka tsaya a bakin garin. Stuyvesant ya so a gwabza, amma albarushi kaɗan ne, ganuwa ba ƙarfi, manyan gari kuma suka sa hannu a takarda suna roƙonsa ya haƙura, har da ɗansa Balthazar. A watan Satumba ya miƙa garin ba a yi yaƙi ba, Turawan Ingila suka sa masa suna New York.

Daga nan sai ya koma Holan?

Ya je a 1665 don kare kansa gaban hukuma, amma bai zauna ba. Mutumin da ya zo a matsayin ma'aikacin kamfani ya dawo ya tare a gonarsa ƙarƙashin tutar Ingila, ya rasu a 1672. Daga kalmar Holanci ta gona aka samo sunan titin Bowery, kabarinsa kuma yana cocin St. Mark's a wannan yankin. Wata bishiyar fiya irin ta Turai da ake dangantawa da shi ta rayu a bakin titi har 1867, lokacin da keken doki ya buge ta.