Ƙiyasta haɗarin ciwon zuciya a cibiyoyin lafiya na karkara a arewacin Kamaru

Ƙiyasta haɗarin ciwon zuciya hanya ce da ma'aikatan lafiya ke bi domin gano yiwuwar mutumin da yake jin kansa garau ya gamu da toshewar jijiyar zuciya ko shanyewar ɓarin jiki nan gaba, galibi cikin shekara 10. Ana haɗa shekarun mutum da jinsinsa da awon jininsa da shan taba da ciwon suga da yawan kitsen da ke cikin jininsa, a fitar da adadi guda cikin ɗari. Idan aka ce haɗarin wani kashi 20 cikin 100 ne, ana nufin cewa a cikin mutum ɗari masu irin yanayinsa, kimanin ashirin za su gamu da ɗayan cututtukan nan kafin shekara goma ta cika. Lissafin ba ya nuna waɗanne ne ashirin ɗin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a shekarar 2019, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na mamatan a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suke.

Asalin lissafin

Tushen wannan ilimi bincike ne da aka fara a 1948 a garin Framingham na jihar Masacusets a Amurka, inda aka ɗauki mutum 5,209 ana bibiyar lafiyarsu shekara da shekaru. Daga nan aka tabbatar da cewa hawan jini da taba da kitsen jini suna gabatar ciwon zuciya da daɗewa, kuma haɗuwarsu a jikin mutum guda ta fi kowannensu shi kaɗai muni nesa ba kusa ba. An fitar da ma'aunin Framingham da ya shahara a 1998, Turai ta fitar da nata mai suna SCORE a 2003, Ingila kuma QRISK a 2007. Dukkansu an gina su ne a kan mutanen da cimarsu da aikinsu da cututtukansu suka sha bamban da na manomin gero a Mayo-Tsanaga ko makiyayi a Adamawa.

Don cike wannan giɓi Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa taswirorin haɗari a 2007, ta sabunta su a 2019 ta raba duniya yanki 21. A wannan rabon an sanya Kamaru da Chadi cikin yankin yammacin Afirka tare da Najeriya da Nijar, duk da cewa a siyasa da tattalin arziki ana lissafa su a Afirka ta Tsakiya, saboda haka ma'aikacin da ya ɗauko taswirar tsakiyar Afirka ya ɗauko wadda ba tasa ba.

Yadda ake amfani da taswirar

Taswirar takarda ce mai ƙananan gidaje masu launi, an yi ta domin masu shekara 40 zuwa 74. Kore yana nufin ƙasa da kashi 5, rawaya daga 5 zuwa ƙasa da 10, ruwan goro daga 10 zuwa ƙasa da 20, ja daga 20 zuwa ƙasa da 30, ja mai duhu kuma 30 zuwa sama. Iri biyu ce. Ta farko tana buƙatar gwajin kolestarol, wato kitsen da ke cikin jini, da sanin ko mutum yana da ciwon suga. Ta biyu ba ta buƙatar ɗakin gwaji, sikeli da ma'aunin tsawo da na'urar awon jini sun wadatar, domin an maye gurbin kolestarol da ma'aunin ƙiba, wato nauyi a kilo a raba shi da tsawo a mita sau kansa. Mai kilo 70 da tsawon mita 1.70 ma'auninsa ya ɗan haura 24; daga 25 ake cewa nauyi ya yi yawa, daga 30 kuma ƙiba ce.

A tsarin lafiya na Kamaru matakin farko shi ne cibiyar lafiya ta ƙauye, wadda galibi ma'aikacin jinya ke riƙe da ita, daga nan sai cibiyar gunduma da asibitin yanki, sannan manyan asibitocin jiha na Garwa da Marwa da Ngaundere. Gwajin kolestarol ba kasafai ake samunsa a matakin farko ba, don haka taswira ta biyu ce ta dace da ƙauye. Aikinta tacewa ne: wanda ya faɗa kashi 10 ko sama ana tura shi a yi masa gwajin suga da kitse a sake lissafi. Ba a amfani da ita ga wanda aka san yana da ciwon suga, domin tana rage masa haɗari a takarda. Wasu kuma ba sa buƙatar taswira kwata-kwata, kamar wanda ya taɓa shanyewar ɓarin jiki ko toshewar jijiyar zuciya, da mai ciwon ƙoda da ya daɗe, domin an riga an san haɗarinsu babba ne.

Inda lissafin ke kuskurewa

Shekaru su ne suka fi komai nauyi a lissafin, kuma su ne aka fi rashin tabbas a kansu a karkara, inda dattawa da yawa ba su da takardar haihuwa, wasu kuma shekarun da ke katinsu ƙiyasin magatakarda ne. Kuskuren shekara biyar yana iya fitar da mutum daga gidan rawaya ya kai shi ruwan goro. Gogaggun ma'aikata sukan kama zaren ta abubuwan da kowa ya sani: "Baba, lokacin da Ahmadu Ahijo ya sauka daga mulki ka yi aure?" Ahijo, shugaban Kamaru na farko, ya sauka a 1982, don haka ko jaririn da aka haifa a shekarar ya riga ya shiga shekarun taswirar. Samun 'yancin kai na 1960 da farin da aka yi a 1973 da 1984 su ma suna taimakawa.

Sai awon jini, wanda a yankin ake yawan kiransa tansiyon. A bin al'adar Faransa ana faɗinsa a taƙaice, a ce 14 da 9 maimakon 140 bisa 90, kuma wannan taƙaitawa tana ɓoye bambanci, domin 140 da 149 duka sukan zama "sha huɗu" a baki. Ƙa'ida ita ce mutum ya zauna ya huta minti 5, bayansa a jingine, hannunsa daidai da ƙirji, ba ya magana, kuma bai sha taba ko shayi mai ƙarfi ba, bai ci goro ba cikin rabin awa. Wanda ya sauko daga babur a zafin watan Afrilu da goro a kumatu, aka ɗaura masa madauri nan take, awonsa ba abin dogaro ba ne. Madaurin da ya yi wa damtse kaɗan yakan ɗaga lamba. Ba a yanke cewa mutum yana da hawan jini sai an sami 140 bisa 90 ko sama a ranaku biyu dabam, kuma a nan ne aikin ya fi yawan tsinkewa, domin mai zuwa cibiya ranar kasuwa kawai, ko manomin da damina ta kama, ba lallai ya dawo awo na biyu ba.

Tambayar taba ma tana da tarko. Wanda ke sa garin taba a baki ko a hanci yakan ce ba ya shan taba, kuma gaskiya ya faɗa, mace kuwa da wuya ta amsa a gaban suruki ko ɗanta.

Akwai gazawar da ta fi waɗannan zurfi. Taswirar 2019 an samo ta ne daga bincike 85 waɗanda akasarinsu na Turai da Arewacin Amurka ne, sannan aka daidaita ta da ƙididdigar kowane yanki, alhali a karkarar Afirka mutane da dama sukan rasu a gida ba a rubuta sanadi ba. Bugu da ƙari, abin da hawan jini ya fi haifarwa a wannan yanki shi ne shanyewar ɓarin jiki da gazawar zuciya da lalacewar ƙoda, kuma biyu na ƙarshen ba sa cikin lissafin. Haka nan a cikin lissafin babu ciwon da ke lalata ƙofofin zuciya bayan ciwon maƙogwaron yarinta, da gazawar zuciya ta masu jego, wadda likitoci suka bayyana a tsakanin Hausawan Zariya a shekarun 1970 suka danganta ta da kunun kanwa da wankan jego mai zafi. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, numfashi na yi mata wuya idan ta kwanta, tana buƙatar asibiti da gaggawa ko da taswira ba ta san da ita ba.

Wa'adin shekara 10 shi ma yana yaudara ga masu ƙarancin shekaru. Ɗan shekara 42 mai hawan jini yana iya faɗawa gidan kore, alhali idan aka bar jinin haka shekara ashirin ɓarnar tana taruwa. Shi ya sa aka ƙirƙiro ma'aunin shekara 30 daga bayanan Framingham a 2009, kuma jagorar Hukumar Lafiya ta 2021 ta ce a fara magani ga duk wanda aka tabbatar jininsa ya kai 140 bisa 90, ba tare da jiran gwaji ko lissafin haɗari ya jinkirta shi ba.

Abin da ke biyo bayan ƙiyasi

Launin da mutum ya faɗa yana nuna yawan kulawar da zai samu da kuma wanda za a fara ba maganin rage kitse na rukunin statin idan magani ya yi ƙaranci. Daga kashi 20 ake ɗaukar haɗari babba. Game da hawan jini, gwajin magunguna mai suna CREOLE da aka wallafa a 2019, wanda aka yi a ƙasashen Afirka shida har da Kamaru, ya nuna cewa haɗin magungunan hawan jini da ke ɗauke da amlodipine ya fi saukar da jini ga baƙar fata a kan haɗin perindopril da hydrochlorothiazide.

Shawarar abinci kuwa sai an fassara ta zuwa tukunyar gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishiri ya wuce giram 5 a yini, kimanin ƙaramin cokalin shayi, amma sinadarin sodiyam yana shiga ta dunƙulen magi da kanwar da ake jefawa a miyar kuka ko kuɓewa da wake, da kilishi da kifin da aka busar da gishiri. Tunda tukunya ɗaya ake ci, shawarar da aka ba maigida a cibiya ba ta aiki sai ta kai ga mai girki. Yawancin masu hawan jini ba sa jin komai, saboda haka sukan daina magani idan kwalin farko ya ƙare, ko a watan azumi, ko da yake ƙwayar da ake sha sau ɗaya a yini ana iya mayar da ita lokacin buɗa baki ko sahur bisa shawarar ma'aikacin lafiya. Cibiyoyin da ke da rajista sukan rubuta sunan mutum da ƙauyensa da awonsa da ranar dawowa, kuma ma'aikacin lafiya na al'umma ne ke bin sawun wanda ranarsa ta wuce bai zo ba.