Adashin zamani: a hannun wa kuɗinka yake kwana?

Wani ƙanina da ke tsaron shago a Kantin Kwari ya ce min wai yana so duk ƙarshen wata a riƙa cire masa dubu goma daga akawun ana zubawa a asusun haɗaka, irin wanda jama'a ke tara kuɗi ƙwararru su juya musu, amma tsoronsa kar ya zama irin MMM, tsarin damfarar nan da ya cinye kuɗin mutane a 2016. Na ce masa ai tambayar farko ba nawa ne riba ba, a hannun wa kuɗin zai kwana.

A Najeriya hukumar kula da kasuwar hannun jari, wato SEC, ita ce ke sa ido kan wannan harka, ƙarƙashin dokar zuba jari ta 2025 da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu, wadda ta maye gurbin ta 2007. Dole kamfanin da ke juya kuɗin ya yi rajista da SEC, shi kansa asusun ma sai an yi masa rajista. Abin da ya fi burge ni, wanda ke juya kuɗin ba shi ke ajiye su ba. Akwai ma'aji daban, yawanci banki ne, sannan ga amintacce da ke tsaya wa masu jari yana bin diddigi. To kun ga ba kamar adashin unguwa ba da uwar adashi ita ke karɓa, ita ke ajiya, ita ke rabo, ranar da ta ɓace shi ke nan sai Allah ya isa.

Amma fa doka ba ta lamunce maka riba ba. Farashin kason da ka saya a asusun yana hawa yana sauka, wani watan dubu gomanka ta sayi da yawa, wani watan kaɗan, kuma inshorar hukumar NDIC da ke kare ajiyar banki har naira miliyan 5 ba ta shafi nan ba. Wanda ya ce maka tabbas kuɗinka zai ninka cikin wata guda, gudu kawai. Sabuwar dokar ta tanadi ɗauri da tara mai nauyi ga masu irin wannan damfara, CBEX ma, wata manhajar zuba kuɗi ta intanet da ta rushe a Afrilun 2025, ba ta da rajistar SEC.

Ƙanin nawa ya ce to batun kuɗin ruwa fa? Akwai na halal irin na Lotus Capital, masu sa kuɗi a sukuk, wato takardun jari marasa kuɗin ruwa, da hannun jarin kamfanonin da malamansu suka tantance. Nan take muka buɗe shafin SEC a wayarsa muna laluben sunan kamfanin da yake so.