Cin taya da kuɗin riƙon motar haibirid

Motar haibirid ita ce wadda ke tafiya da ƙarfi biyu: injin fetur da injin lantarki mai shan wuta daga babban batir. Wadda ta fara fita kasuwa da yawa ita ce Toyota Prius, a Japan, a watan Disamba na 1997, kafin ta isa Amurka da Turai a 2000. Abin da ke jan mutane gare ta shi ne ƙarancin cin mai. Sai dai tun zamanin Prius ta farko masu ita suke kukan cewa tayoyinta ba sa daɗewa, kuma wannan kuka ya bi motocin har yau. Gaskiyar maganar ita ce taya ƙaramin kaso ce a lissafin riƙon irin wannan mota, kuma mafi yawan abin da ke cinye ta yana hannun mai motar. Babban kuɗi yana wajen batir.

Abin da ke cinye tayar

Dalili na farko shi ne irin tayar da kamfani ke ɗaura wa motar. Duk taya, idan tana birgima, tana lotsewa a inda ta taɓa ƙasa sannan ta koma yadda take, kuma wannan lotsewar tana zubar da ƙarfi a matsayin zafi. Masu ƙera taya sun kiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin biyar na man da ƙaramar mota ke sha yana tafiya a nan. Don haka ake sa wa haibirid taya mai sauƙin birgima. Michelin ya fito da irinta a 1992, lokacin da ya shigar da sinadarin silika cikin robar. Wata hanyar rage jan taya kuma ita ce a rage kaurin zanenta, to taya mai siririn zane ba ta da nisan tafiya kafin ta suɗe. Prius da aka sayar a Amurka daga 2004 zuwa 2009 ta zo da taya mai sauƙin birgima, kuma da yawa daga masu ita sun ga tayar da suka saya daga baya ta fi ta kamfani daɗewa, ko da yake cin mai ya ɗan ƙaru.

Na biyu nauyi ne. Batir da injin lantarki da na'urar juya wuta suna ƙara wa mota kaya, kamar kullum tana ɗauke da ƙarin fasinja ɗaya ko biyu. A haibirid ta yau da kullum bambancin ba shi da yawa. A wadda ake jona wa wuta a gida, mai babban batir, ya fi fitowa fili.

Na uku shi ne yadda injin lantarki ke tashi. Injin fetur sai ya ɗauki gudu kafin ƙarfinsa ya cika. Na lantarki kuwa yana ba da dukan ƙarfin juyinsa tun motar na tsaye. Direban da ke jin daɗin fizgar mota daga danja yana goge tayoyin gaba ne a kan kwalta ba tare da ya ji ƙara ba. Haka kuma idan ya ɗaga ƙafa daga totur ko ya taka birki a hankali, injin lantarkin ne ke riƙe motar yana mayar da gudunta wuta yana tura ta batir, kuma a mota mai jan gaba tayoyin gaba ne ke ɗaukar wannan aikin. Su ke ja, su ke juyawa, su ke tsayarwa. Shi ya sa Toyota ke ba da shawarar a riƙa sauya wa tayoyi wuri, na gaba su koma baya, duk bayan mil 5,000, wato kimanin kilomita 8,000. Wanda ya bar wannan zai tarar na gaba sun suɗe na baya suna nan kamar sababbi.

Iska ita ce abin da aka fi sakaci da shi. Prius ta 2004 zuwa 2009 tana son awon iska 35 a gaba, 33 a baya, a ma'aunin PSI, kuma ana rubuta adadin kowace mota a jikin ƙofar direba. Taya mai ƙarancin iska tana cinyewa ta gefe biyu, tana zafi, tana ƙara cin mai. Wadda aka cika wa iska fiye da kima tana cinyewa ta tsakiya. Idan kuwa gefe ɗaya ne kawai ya cinye, ko ka shafa tafin hannu ka ji zanen yana kartar ka ta ɓangare guda kamar haƙoran zarto, matsalar daga saitin ƙafafun motar take, kuma ramukan hanya ne suka fi kawo ta. Mai faci da ke buga taya da ƙarfe ya saurari ƙararta ba zai iya bambance 28 da 35 ba. Ma'aunin iska na hannu ba shi da tsada, kuma da safe ake auna taya kafin ta yi zafi.

A Turai da Birtaniya doka ta hana tuƙi da tayar da zurfin zanenta bai kai milimita 1.6 ba. A cikin kwarin zanen akwai 'yan tudun roba da aka yi daidai da wannan awo. Idan fuskar taya ta yi daidai da su, ta gama aiki. Shekaru ma suna kashe taya. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan harufan DOT a gefenta suna nuna mako da shekarar da aka ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 na 2019.

Inda ake samun sauƙi

A awon hukumar kare muhalli ta Amurka, Prius ta 2010 tana shan kusan lita 4.7 a kilomita 100, yayin da Corolla ta wannan shekarar ke shan kusan lita 8. Mai yin kilomita 20,000 a shekara zai rage fiye da lita 600. Ribar ta fi yawa a cikin gari, inda injin fetur ke mutuwa a cunkoso kuma birki ke cika batir. A doguwar hanya da gudu ɗaya bambancin yana raguwa. Wannan ne ya sa 'yan tasi a birane da dama suka rungume ta, kuma tsofaffin Prius daga Japan suka cika titunan Ulan Bato a Mongoliya.

Takalmin birki yana daɗewa sosai saboda ba shi ne ke yawan tsayar da motar ba. Tsarin Toyota ba shi da kuloci irin na sauran motoci, ba shi da keɓantacciyar na'urar tayar da inji ko ta cajin batir, kuma daga Prius ta 2010 babu fanbel ko ɗaya. Waɗannan duk kayan da mai mota ya saba saya ne.

Inda kuɗi ke fita

Babban batirin Prius ta 2004 yana da ɓangarori 28 da aka jera, jimillar ƙarfinsu bolt 201.6. Ba ya mutuwa rana ɗaya. Alamar farko ita ce mizanin caji a gaban direba ya riƙa cika da sauri yana saukowa da sauri, injin fetur ya daina hutawa, cin mai ya hau. Toyota a Amurka ya daɗe yana ba shi garantin shekara 8 ko mil 100,000, ya kuma ɗaga zuwa shekara 10 ko mil 150,000 daga motocin 2020. Canza ɓangare ɗaya da ya lalace yana da araha, amma sauran tsofaffin sukan biyo baya, mai mota ya yi ta zarya gareji.

Zafi ne babban abokin gabar batir. Fanka ce ke sanyaya shi, tana jan iska daga cikin motar ta wata kafa da ke gefen kujerar baya. Idan fasinja ya toshe kafar da kaya ko babbar riga, ko ƙura ta cushe fankar, batirin zai dahu a hankali. Wanke fankar nan aikin awa ɗaya ne, kuma yana taimakawa wajen tsawaita ran batir.

Akwai kuma ƙaramin batir mai bolt 12, wanda idan ya mutu motar ba za ta kunnu ba ko da babban a cike yake. Famfon birki na lantarki yana da tsada idan ya lalace. Prius ta 2010 zuwa 2015 an san ta da toshewar hanyar da ke mayar da hayaƙi cikin inji, wadda kan kai ga ƙonewar gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa. Wayoyi masu launin ruwan lemo a motar suna ɗauke da wutar da za ta iya kashe mutum, don haka ba kowane bakanike ya kamata ya taɓa su ba.

A Nijeriya

Bayan Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lissafin ya karkata ga motocin da ba sa shan mai da yawa. Amma mafi yawan haibirid da ke shigowa tokunbo ne, garantin batirinsu ya ƙare tun a can, kuma za su haɗu da zafin bazara da ƙurar hunturu. Taya ma daga waje take zuwa, tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi sahu a Legas a 2008, don haka farashinta na bin dala. Tsohuwar taya tana cikin kayan da aka haramta shigowa da su, duk da haka tana cika kasuwa, kuma wadda aka ƙera don ƙanƙara tana da roba mai laushi da ke saurin cinyewa a kwaltar Kano ko Maiduguri mai zafi. Kafin a biya kuɗin haibirid tokunbo, ya kamata a sa na'urar gwaji ta karanto ƙarfin kowane rukuni na batirin yayin da motar take aiki, a leƙa fankar, a kuma karanta lambar DOT a kan tayoyi huɗun da sifaya.